Bayanin da Mijina Bai Ƙarasa Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga unguwar Magajin Gari nake rubutowa.

Mijina malamin kimiyya ne. Wata safiya ina tankaɗe, na tambaye shi yadda muryarku ke shigowa rediyo ba waya. Ya ce, "Da can masana sun ɗauka lantarki daban, maganaɗisu daban. Daga baya suka gano haɗe suke, suna ratsa sarari kamar igiyar ruwa. Haske ma irinsu ne. Sauran sai na dawo daga gona."

A ranar 'yan bindiga suka harbe shi a hanyar Kutemeshi. Allah ya jiƙansa.

Yanzu 'yarmu ta dage karatun babanta za ta yi, ga shi makarantarsu ba wani malamin kimiyya. Don Allah masu sauraro, ina zan kai ta?