Maigida Cikin Yashi

"A gidana ba a yin abin da ban yarda ba," in ji Dwight, wanda 'ya'yansa suka binne cikin yashi a bakin tekun Myrtle Beach, kai kawai a waje.

Tsohuwar da ta tsaya a kansa ta ce, "Na gani, maigida. In tone ka?"

"Tukuna, Iya. Kin hango yara uku da uwarsu wajen lilon nan mai kifa mutum?"

"Suna layi."

Ya yi ajiyar zuciya. "Da ba a binne nake ba, ai ni zan raka su."

"Shawarar wa ce binnewar?"

"Iya, ɗan gyara mini hular nan," in ji shi, bayan tuni ya yarda 'ya'yansa su binne shi don kada ya hau lilon.

Can a layi, matarsa, mai jin jiri ko a mota, ta cire tabarau ta sa a jaka.