Wankan Malam Idi

Matso kusa, Nura, tunda kai ne ka ce tirela za ka saya ka zama maigidan kanka. Ku ma ku ajiye wayoyin nan. Ni ma da wannan waƙar na bar garin nan na Greensboro. Kuɗin tafiyar adashin Antinku ne, matata, ta kwasa ta damƙa min, Malam Idi ya cika sauran.

Ba ku san Malam Idi ba, kuna ƙanana. Shi ya ɗauko ni a filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan, shi ya koya min tuƙin babbar mota. Iyalinsa duk suna Zariya. Abu ɗaya ya taɓa roƙona: "Iro, in ta Allah ta kasance, kai za ka yi min wanka. Ba na son hannun da bai san ni ba." Na ce, Malam, ai wannan ba abin roƙo ba ne.

Na tafi can garin bakin teku, inda jirage ke sauke kwantena. Wai ni ne ona-ofareta, suna sai ka ci tuwo kafin ka iya faɗa. Ma'anarsa mota taka, dizal naka, taya naka, amma lokacinka na wasu ne. Ka wuni a layi kana kallon bayan motar wani, ba mai biyanka wannan zaman. Ga mai gidan da na kama haya, wata tsohuwa, ita da daddawa ba sa ga maciji. Ko sunana ba ta iya faɗa ba, kullum, "Mista Airo, me ya ruɓe a kicin?" In ce miya ce, Madam.

Da Malam ya kwanta ciwo na zo na zauna da shi. Ina gefen gadonsa mai raba mana lodi ya kira.

"Akwai kaya gobe. In ba ka zo ba, kar ka sake nemana."

Malam ya ji. Ya ce, "Tashi ka tafi, na san aikin nan. Ina zan je? Ina nan."

Washegari da hantsi na shige ƙofar tashar jiragen ruwa kenan Alhaji Bala, na'ibin liman, ya kira. Malam ya cika, jana'iza bayan La'asar. Da a titi nake, da na iso. Amma layin tasha ba a juyawa. Kankare dama, kankare hagu, mota gaba, mota baya, kuma ranar kwamfutarsu ta tsaya.

Na diro daga mota, abin da aka hana. Mai gadi ya taho.

"Koma ciki."

"Babana ya rasu."

"In ka bar ta nan za a janye ta."

"A janye."

"Ba a fita nan da ƙafa, ɗan'uwa."

Har hularsa ya cire, bawan Allah, amma hanya bai da ikon buɗewa. Na koma na zauna ina kuka kamar yaro. Na kira Alhaji Bala na ce a jira ni. Ya ce, "Iro, an riga an haƙa, masu maƙabarta kuma da yamma suke rufewa. Ka yi haƙuri."

Sai bayan Azahar layi ya motsa. Ban ɗauki kayan ba, kan motar kawai na figo. Na iso an watse. Washegari aka nuna min ƙasar kabarin, ko bushewa ba ta yi ba.

Na tambayi wa ya yi wankan. Aka ce wasu bayin Allah biyu, ɗan Sudan da ɗan Pakistan. Allah ya saka musu, sun yi da kyau. Amma sai da suka tambayi sunansa.

Na sayar da motar, na dawo na kama aikin sito. Shi ya sa kuke gani in an yi rasuwa a masallaci ni ake fara kira, kuma ban taɓa cewa ina nesa ba. Na wanke mutane da yawa tun lokacin, Nura. Ba ko ɗaya a cikinsu da ya roƙe ni.