Dabinon Masu Gadi Ya Tsayar Mini da Sikeli

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Sani direba ne daga Shumaisi, Riyad.

Likita ya ce in rage ƙiba, in ba haka ba sai allurar ciwon suga. Na bar shinkafa da burodi, nauyi ya yi ta sauka, sannan ya tsaya cak. Wata uku ke nan sikeli bai motsa ba.

In ina jiran maigida cikin mota a unguwar Ulaya, nakan lumshe ido in gan ni a gonarmu ta Maraɗi, siriri, ina tafe ba haki, gero yana shafar kafaɗata. Sai masu gadi su ƙwanƙwasa gilashi: "Tafaddal, ya Hajji!" Wato bismillah. Gahawa ce da dabino suke miƙo mini. Ni ban ɗauki dabino abinci ba, albarka na ɗauke shi.

Da na faɗa wa likita, ya ce, "Guda nawa kake ci?" Na ce, "Wa ke ƙirga kyauta?" Ya ce daga yau in ƙi.

Gaskiyarsa ce. Amma maigidan da nake tuƙawa bai taɓa tambaya ko na karya ba. Jama'a, ku ba ni shawara, yaya zan mayar da hannun mutanen da su kaɗai ke tunawa da ni a garin nan?