Fankar Mahaifiyarsa

An ce fanka tana kashe mai barci in ɗaki a rufe yake. Tsohuwa Yeom ta kwana arba'in tana gwadawa, ƙofa da taga a kulle. Ran nan a rumfar fankoki a kasuwar birnin Daegu ta ji wani magidanci yana neman wadda take tsayawa da kanta bayan awa guda.

"Wa za ka saya wa, ɗana?"

"Mahaifiyata, Iya. Zafin bana sau biyu yana kwantar da ita."

"Shi ne za ka bar ta cikin gumi har asuba? Dube ni. Kwana arba'in ina barci da fanka a ɗaki a rufe, ko tari ban yi ba."

"Na sani. Kimiyya nake koyarwa. Duk shekara sai na gaya wa ɗalibai ƙarya ce."

"To, malamin kimiyya, me ya rage?"

"Ina shekara tara na ji a rediyo an tsinci gawar wani, fanka tana juyawa. Kaina ya ƙaryata, gabana bai daina faɗuwa ba."

"Kuma tsohuwarka ce za ta sha zafin."

Ya sunkuyar da kai.

Fanka ba ta shanye iskar ɗaki. Zafi kuwa yana kashe tsofaffi. Mai tsayawa da kanta ya saya.