Su Zo Su Nuna Mana Jan Ƙyallen

Mai girma Shugabar al'ummarmu, Uwargida Seraphine Izony. 'Yan majalisa masu daraja. Dattawanmu maza da mata, waɗanda suka riga mu shan sanyin wannan ƙasa. Baƙonmu Mista Halvorsen, wakilin kamfanin katako, da abokan tafiyarsa. Matasan da ke tsaye a ƙarshen zaure saboda kujeru sun ƙare. Jama'a baki ɗaya, ni Philomene ina gaishe ku gaisuwar ban girma.

Ina godiya ga Shugaba da ta ba ni dama in yi magana kafin a ɗaga hannu. Ina godiya ga matan da suka gasa mana kifi suka dafa mana shayi. Ina kuma godiya ga baƙonmu bisa jawabin da ya yi, jawabi mai zaƙi, zaƙin da ya yi yawa har na kasa haɗiye shi.

Abin da ya tara mu sananne ne. Yau za mu ɗaga hannu, ko dai mu bar kamfani ya shiga tsohon dajin da ke kan Dutsen Kaka da zarto, ko mu hana. A can ragowar karibunmu, manyan bareyin nan masu ƙaho mai rassa, suke cin abincin hunturu. Garke ne da ya ƙanƙance har iyayenmu suka jingine bindigoginsu da kansu, suka haƙura da namansa, ba don wani ya tilasta musu ba. Jikokina ba su san ɗanɗanonsa ba.

Kun ji alkawarin da baƙonmu ya yi a nan. Ya ce, "Duk itacen da bakin karibu zai kai ga gashin da ke jikinsa, ba za mu taɓa shi ba. Mun auna, waɗanda muka ɗaura wa jan ƙyalle kaɗai za mu sare." Kuka tafa. Ni ban tafa ba, ga kuma dalilina.

Na farko, mu tuna yadda dabbar nan take ci. Idan hunturu ya kankama, kowace dabba gangarowa take yi kwari, karibun dutse kuwa hawa yake yi. Yana jira dusar ƙanƙara ta taru, ta daskare, ta binne dutse da kututture, ta haura tsayin mutum biyu, sannan ya taka ta da faffaɗan kofatonsa ya tsaya a kai. Ita ce tsaninsa. A kanta yake miƙa wuya ya ci baƙin gashin nan, wato gansakukar da ke reto a rassan tsofaffin itatuwa, gashin da ba ya cika a jikin itace sai itacen ya girmi kakan kakana. Ƙasa da inda dusar take tsayawa kuwa, babu gashi ko sili ɗaya, domin duk abin da ta binne kashe shi take yi. Wannan ko yaran makarantarmu sun sani.

Na biyu, yaushe aka yi awon? A watan Agusta! A watan Agusta, jama'a, lokacin da muke tsinkar 'ya'yan itace da riga mai gajeren hannu. Sun tsaya a kan ƙasa tsirara, suka auna tsayin wuyan karibu, suka duba jikin itace, ba su ga gashi ba, suka ɗaura ƙyalle. Suka matsa gaba, ba gashi, suka ɗaura ƙyalle. Na hau da ƙafata na gani. Dajin nan ya yi ja tun daga bakin rafi har ƙwanƙolin dutse. Alkawarin da kuka tafa wa bai tsirar da itace ko ɗaya ba.

Na uku, shi ne wanda ya hana ni sakewa. Da a ce kuskure ne, da na yafe, domin baƙo yana kuskure. To amma baƙonmu ba baƙon dutsen nan ba ne. Hunturun bara ƙanena Casimir, ga shi can zaune kusa da murhu, shi ya raka shi har sama. Da ya dawo na tambaye shi, "Yaya mutumin naka? Ka yi ta ciro shi daga ramin dusar ƙanƙara ko?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, wane rami? Ai ya fi ni iya tafiya a kan dusar. Kuma da muka hango garken suna ci, shi ya fara cewa in duba yadda ƙanƙara ta ɗaga su. Har hoto ya ɗauka."

Shi ya fara cewa a duba. Mutumin da ya ga wannan da idonsa a watan Fabrairu, me ya sa ya aiko ma'auna a watan Agusta? Me ya sa lallai sai yau za mu ɗaga hannu, tun dusar farko ba ta sauka ba? Saurin me ake yi? Itatuwan da suka yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, gudu za su yi kafin bazara? Ban ce ya yi ƙarya ba. Kowace kalma da ya faɗa gaskiya ce, kuma abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Na san akwai masu jin haushina a zauren nan. Ɗan Casimir, Desmond, an yi masa alkawarin tuƙin motar katako. Jiya ya same ni ina fasa itace ya ce, "Gwaggo, don Allah gobe ki yi shiru. Ke ko mutum ya ce miki ina kwana sai kin leƙa waje kin ga ko gari ya waye. Karibu za su biya mini haya ne?"

Na ce, "Ba za su biya ba, ɗana."

Maganarsa ta soke ni, domin yana da mata da jariri, kuma shi Desmond ɗin ni na goya shi. Desmond, ina jin ka, ban raina buƙatarka ba. Amma aikin hunturu biyu ne, gashin nan kuwa ba zai dawo ba a zamaninka, ba zai dawo ba a zamanin jaririnka, kuma garken da ya hau dutse ya tarar da kututture ba zai jira shi ba.

Saboda haka, ranki ya daɗe, ga roƙona. Ban ce a kori kowa ba. A ɗage ɗaga hannun nan zuwa Fabrairu. Mu hau tare, mu da baƙonmu da ma'aunansa, mu tsaya inda karibu yake tsayawa, a sake awon daga nan. Na lura da inda suka ɗaura ƙyallayensu, daidai ƙirjin mutum suke. Duk itacen da suka iya nuna mana jan ƙyallensa a ranar ba tare da shebur ba, ni da hannuna zan miƙa musu zarto.

Allah ya ba shugabanninmu ido mai gani da kunne mai tantancewa. Allah ya buɗa wa matasanmu hanyar abinci da ba za ta bi ta kan abincin wasu ba. Allah ya mai da baƙinmu gida lafiya, ya kuma dawo mana da su a Fabrairu. Allah ya saukar da dusar bana da yawa.

Na gode.