Zanen Allin da Aka Goge

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban masana'anta, mai girma shugabar sashen bincike, malamanmu, Hajiya uwar gidan marigayi da 'ya'yansa, abokan aiki, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Shekara goma sha tara na yi ina aiki a teburin da ke kusa da nasa. Mu a ɗakin gwaje-gwaje Malam Sake-Auna muke kiransa, domin ko gaisuwa ka kawo masa sai ya so ya ɗora ta a sikeli.

Ya kasance mai haƙurin da ke ba mutum haushi. Ya kasance wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan wani farin gari mai kaifi irin na kanwa. Ana zuba garin a ruwan sukarin da aka samo daga sitaci, sai ya juya shi ya koma irin sukarin da ke cikin 'ya'yan itace, wanda ya fi zaƙi. Daga nan a tace garin, a gasa shi, a sake aiki da shi. Wannan ruwan ne masana'anta za ta riƙa zubawa a lemon da yaranmu ke sha.

Ya kasance duk lokacin da aka yi aiki da garin, sai ya ja zane ɗaya da alli a jikin kwalbarsa. In zane ya kai biyar, kwalbar ta tafi shara. Na taɓa ce masa, "Haba Yaya, ruwan nan garau yake, ga zaƙi." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ƙanwata, daga na shida garin ya fara narkewa a ciki. Ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Ban san abin da zai yi wa cikin yaro bayan shekaru ba, kuma ba na sa hannu a kan abin da ban sani ba."

Ciwo ya kwantar da shi kafin ya gama rahotonsa. Kwana uku da rasuwarsa muka shiga ɗakin, muka tarar an yi shara, an goge kwalabe arba'in tas, suna sheƙi. Ba na zargin kowa, wataƙila mai tsafta ne kawai. Amma yau babu ɗayanmu da ya san wace kwalba ce ta yi aiki sau biyu, wace ce ta yi biyar. Kuma ranar Litinin za a kunna injin masana'anta, a yi aiki da garin da ke cikinsu. Ina faɗa muku gaskiya, tsoro nake ji.

Hajiya, ki yafe mini da na kawo wannan magana cikin makokinki. Akwai littafi mai koren bango da yake komawa gida da shi kullum, a ciki yake sake rubuta zanen kowace kwalba. Za a zo a ce miki tsohuwar takarda ce ta ofis. Kada ki ba kowa sai a gaban mu duka.

Ranka ya daɗe, takardar amincewa da a fara aiki da garin tana kan teburina tun jiya. Na karanta ta. Ban sa hannu ba.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Allah Ya tsare 'ya'yanmu daga abin da muke shirin zuba musu a kofi. Amin.