Jikata ta zo da ranta

Falmata ta sauka lafiya, jaririyar kuma tana da rai! Gafarta mini malam mai gabatar da wannan shiri na rediyo, murna ta sa na manta sallama. Assalamu alaikum.

Ni ne Ba Modu daga Bulumkutu, Falmata matar ɗana ce. Sau biyu tana haihuwa ba rai. A gidanmu ba a faɗin ciki sai ya tsufa, kuma ni ne mai cewa lafiyayye ba ya zuwa asibiti.

A wannan karon, ma'aikaciyar ƙaramin asibitin unguwarmu ta shigo gidanmu rigakafi, ta ga ƙafafun Falmata a kumbure. Ta ce, "Baba, kunyar nan ta isa haka. Gobe a turo mini ita awo." Ashe jininta ya hau sosai, alhali babu inda ke mata ciwo. Ta ɗora ta a kan magani, tana duba ta a kai a kai, ta kuma tura ta babban asibiti tun kafin naƙuda.

Na yi kuka saboda biyun da na binne da hannuna. Magidanta, ku bar iyalinku su je awo da wuri. Sunan jaririyar ranar Asabar ne da safe. Kowa ya zo ya gan ta.